MAKAHO DA ƊAN JAGORA: YARA BIYU DA MAKARANTA TA RASA

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Tambuwal ranar kasuwa, ko ya daɗe a ƙofar masallacin Dogon Daji ko na Kebbe bayan an sauko daga Juma'a, ba sai an kwatanta masa abin da zan yi magana a kai ba. Zai ga makaho riƙe da ƙarshen sanda, ɗan yaro riƙe da ɗaya ƙarshen, suna bin motoci ɗaya bayan ɗaya. Mai abin hannu ya miƙa, marar shi ya ce Allah ya ba mu, kowa ya kama gabansa. Ido ya saba da ganin haka har ya daina ɗaukarsa abin tambaya.

To ni tambaya nake da ita. Ƙarfe goma ne na safiyar ranar aiki, ina ya kamata a ce yaron nan mai jan sanda yake? In kuma shi kansa makahon bai wuce shekara goma sha biyu ba, shi ina ya kamata a ce yake? Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, muddin makarantar makafi tana birni kaɗai, to yaran ƙauyukan Tambuwal da Kebbe ba su da makaranta, kuma duk makahon da muka bar wa bara, yara biyu muka yi hasara. Abin da ya kamace mu shi ne mu kawo karatun kusa da gida.

Abin da na gani a gidanmu

Ba daga littafi na fara sanin wannan al'amari ba. Ɗan baffana ne, tare muka tashi a wani ƙauye da ke kan hanyar Kebbe. Yana ɗan shekara biyar ƙyanda ta kama shi. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, aka ɗiga wannan aka ɗiga wancan, cutar ta tafi, ta tafi da idanunsa. Shekarar da aka sa ni firamare, shi aka bar shi a zaure. In na dawo da rana yakan sa ni in maimaita masa abin da aka koya mana, kafin in gama cin abinci ya riƙe, washegari shi zai tuna mini abin da na manta. A makarantar allo kuwa babu wanda ya kamo ƙafarsa, domin can da kunne ake ɗauka.

Da na shiga sakandare na ji labarin makarantar da ke Sakkwato, sai na sami baffa da maganar. Na ce, "Baffa, da kun yarda an kai shi birni, an ce akwai inda ake koya wa irinsu karatu da rubutu." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, na ji ka. Amma gaya mini, in zazzaɓi ya kama shi da dare, wa zai aiko mini? In an yi hutu wa zai je ya ɗauko shi, da kuɗin wa? Yaron da ko bayan gida sai an raka shi, shi zan miƙa wa mutanen da ban taɓa gani ba?" Na rasa amsa. Ba a daɗe ba aka cire ƙanensa daga aji uku domin ya riƙa yi masa jagora zuwa kasuwanni. Yau ni ina jami'a, su biyun suna bin tashoshi.

Na daɗe ina ganin laifin baffa. Yanzu na gane tambayoyinsa na gaskiya ne, kuma duk wani shiri da bai amsa su ba, a takarda zai ƙare.

Makaho a idon Bahaushe

Mu ɗaliban Hausa mun fi kowa sanin cewa Bahaushe bai taɓa ɗaukar makaho a matsayin marar hankali ba. Ya ba shi sarauta, akwai Sarkin Makafi a manyan garuruwanmu, da fadawansa da tsarinsa na sasanta rigima. Ya kuma ba shi wuri babba a adabi. Babu wanda zai fita daga wannan sashe bai sha fama da Imfiraji ta Alhaji Aliyu Namangi na Zariya ba, makahon da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. A nan kusa da mu ga Malam Audu Makaho Birnin Kabi mai waƙar Tabuka. A tarihin Musulunci kuma kowa ya san Abdullahi ɗan Ummi Maktum, ladanin Manzon Allah, wanda aka sha bar wa riƙon Madina, kuma a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka.

Amma fa Bahaushen nan da ya yarda da basirar makaho, shi ne ya taƙaita masa hanyar cin abinci. Ya ba shi bara ta zama tamkar sana'ar gado, har ya zamana da an ce makaho sai a tuna da ƙoƙo. A zamanin da ilmi yake a ka, ana ɗaukarsa daga bakin malami, makaho yana gogayya da kowa. Da boko ya zo da allon bango da alli da jarrabawar rubutu, sai aka rufe masa ƙofa, domin an gina komai a kan ido. Watau ba makanta ce ta fitar da shi daga sahun masu ilmi ba, yadda muka tsara makarantar ne.

Ba a rasa hanya ba

Maganin wannan matsala ya kusa shekara ɗari biyu da samuwa. Louis Braille, ɗan wani baduku a ƙasar Faransa, an haife shi a 1809, ya ji ciwo a ido yana ɗan shekara uku a rumfar mahaifinsa, daga baya ya makance. Yana da shekara 15 ya tsara rubutun da ake karantawa da yatsa, aka buga shi a 1829. Ɗigo shida ne kawai masu tudu, uku a hagu uku a dama, amma da sassauya su ake samun alamomi 63, waɗanda suka ishi haruffa da lambobi da alamomin rubutu. Kayan aikinsa na farko allo ne mai ramuka da ɗan tsinken ƙarfe. Ana huda takarda daga dama zuwa hagu, kamar mai rubuta ajami, sa'an nan a juya ta a shafa daga hagu zuwa dama. Da wannan rubutu na birel ake buga Alƙur'ani mai girma, kuma an tanadi alamomin Hausa a cikinsa, har da haruffanmu masu lanƙwasa.

A Nijeriya, makarantar makafi ta farko ita ce ta Gindiri a ƙasar Filato, wadda 'yan mishan suka buɗe a 1953. Ta Pacelli a Ikko ta biyo baya a 1962. A 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta keɓe sashe domin ilmin masu bukata ta musamman, a shekarar kuma aka kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo. Kano tana da makarantar Tudun Maliki. Mu a nan muna da makarantar A. A. Raji a birnin Sakkwato, wadda take karɓar makafi da kurame da sauran masu bukata ta musamman.

Mai shakkar abin da wannan karatu yake haifarwa, ya dubi marigayi Farfesa Jibrin Isa Diso na Jami'ar Bayero, makaho ɗan birnin Kano wanda ya bi ta Gindiri har ya kai ƙololuwar ilmi, ya koyar da masu ido. Ya dubi Ɗaha Husaini na Masar, wanda ya makance tun yana ƙarami a ƙauye, amma ya zama ministan ilmin ƙasarsa a 1950. Tun 2017 hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta musamman. Ƙofar sama a buɗe take. Tsanin ne ba shi da matakalar farko a wajenmu.

Nisa shi ne cikas

Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kimanin kilomita 100 ne. Mutumin Kebbe ko Kuchi ya fi haka nisa, kuma kafin ya hau kwalta akwai aiki, balle da damina. Ga kuma rashin tsaron da ya addabi wannan yanki a shekarun nan, wanda ya sa iyaye ba su son ɗansu ya yi nesa da ido ko da lafiyayye ne. Jiha mai ƙananan hukumomi 23 ba ta yiwuwa ta rataya duk makafin yaranta a wuyan birni. Ko da makarantar birnin ta fi kowace kyau a duniya, ɗakunan kwananta suna da iyaka.

Wanda abin ya fi shafa ita ce 'ya mace. Uban da zai daure ya tura ɗansa namiji makarantar kwana, da wuya ya tura 'yarsa makauniya. Ita ba a cika ganinta ko a tasha ba. Tana ƙuryar ɗaki, ba karatu, ba sana'a, har a manta da ita a lissafin 'ya'yan gida.

Doka kuwa tana nan. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta hana nuna bambanci ga masu nakasa. Ta ba su ilmi kyauta har zuwa sakandare. Ta ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara, kuma kowace ta sami ma'aikaci aƙalla ɗaya da aka horar domin su. Ta hana amfani da mai nakasa wajen bara. Ta keɓe musu kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati. Mai karatu ya tambayi kansa, a firamaren garinsu wane malami ne ya iya riƙe tsinken birel? Kashi biyar ɗin nan na aiki, wa zai cike shi in ba a fara da aji ɗaya ba?

Wannan yanki ba na marasa gata ba ne. Mazaɓar Kebbe da Tambuwal ce ta fitar da Alhaji Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya zama kakakin majalisar wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya kuma yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Muna da 'yan boko, muna da attajirai, muna da sarakuna. Abin da ya rage shi ne a ɗauki maganar da muhimmanci.

Abin da nake ganin ya kamata

Na farko, a san yawansu. Ba a yin tuwo sai an san bakunan da za su ci. Hakimai da dagatai da masu unguwanni sun san gidan da aka haifi kowa. Sarkin Makafi ya san jama'arsa. Matan da suke shiga gida-gida domin allurar riga-kafi suna ganin yaran da ke ƙuryar ɗaki. In aka haɗa waɗannan, cikin rani ɗaya za a san sunan kowane yaro da ƙauyensu.

Na biyu, duk yaron da aka rubuta a kai shi gaban likitan ido kafin a kai shi aji. Binciken da aka yi a duk faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta ana iya kauce mata ko a warkar da ita. Yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43. Wannan yana nufin da yawa daga tsofaffin da jikoki suke ja, aikin asibiti na ɗan lokaci ne tsakaninsu da gani, kuma ranar da tsoho ya ajiye sanda, ranar jikansa ya koma aji. A cikin yara ma akwai waɗanda ake kira makafi alhali tabarau ko aikin yana suke bukata, akwai kuma masu sauran gani da za su iya karanta manyan haruffa in an zaunar da su gaba. Ƙyandar da ta cuci ɗan baffana tana da riga-kafi kyauta. Gara a kai yaro asibiti da a ɗiga masa abin da ba a san asalinsa ba.

Na uku, kuma shi ne ƙashin bayan maganata, a keɓe aji ɗaya a babbar firamaren Tambuwal, ɗaya a Dogon Daji, ɗaya a Kebbe, a sa malami wanda ya iya birel a kowane. Yaro ya yi shekara ɗaya ko biyu a nan yana koyon rubutu da karatu da lissafi, da yadda zai yi tafiya da farar sanda shi kaɗai, da yadda zai kula da jikinsa. Daga nan ya shiga aji tare da sa'o'insa masu ido, ya riƙa komawa wurin malaminsa domin a juya masa darasi. Ƙauyukan da suka yi nisa kuma a ba malami babur ya riƙa zagaya su a mako. Makarantar birni ta zama uwa: can za a horar da malamai, can za a buga littattafai, can kuma yaro zai tafi sakandare bayan ya yi wayo, ya iya kula da kansa. A lokacin baffa ba zai ji tsoron sakinsa ba.

Na huɗu, kada a manta da manya. Wanda ya makance da girma ba ya bukatar aji ɗaya, amma yana bukatar sana'a. Tufkar igiya, saƙar tabarma da kujera, kiwon kaji da awaki, ƙaramin tebur a ƙofar gida, duk hannu ne yake yinsu. Kuɗin zakka da waƙafi in an tara an yi wa mutum jari, sun fi naira hamsin-hamsin da muke watsawa ta tagar mota.

Amsa ga masu ja

Na san za a ce makanta ƙaddara ce. Haka ne, ban musa ba. Amma jahilci ba ya cikin ƙaddarar da ta zo da ita, mu muka ɗora masa. Wanda ya ƙaddara ciwo shi ya umarce mu da neman magani da neman ilmi, bai kuwa cire makaho daga wannan umarni ba.

Za a ce bara ce take ciyar da gidan, in an kai yaro makaranta me za a ci? Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa zan raina ta ba, domin na ga tukunyar da sai makaho ya dawo ake ɗora ta. Saboda haka tilas shirin ya zo da abincin rana ga yaron da ɗan tallafi ga iyaye. Hana bara da sanda ba tare da an ba mutum madadi ba, zalunci ne. Amma a lura, ƙoƙon bara ba ya girma. Abin da yaro ya samu yana da shekara goma, shi zai samu yana da hamsin, sai dai a lokacin ɗansa ne zai riƙe masa sanda.

Za a ce makarantun namu ko masu ido ba su wadata ba, aji cike da yara a ƙasa, ina aka ga wurin makaho? Wannan ma gaskiya ce, shi ya sa ban ce a jefa yaro cikin taro a juya baya ba. Yin haka ya fi barinsa a zaure muni. Malami na musamman shi ne sharaɗi. Malamai uku ko shida, da alluna da tsinkaye da takarda mai kauri, ba abin da zai gagari ƙananan hukumomi biyu ba ne. In za a jira sai komai ya gyaru kafin a waiwayi makaho, to a tuna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yatsan ɗan shekara shida ya fi na ɗan ashirin saurin gane ɗigo.

Namu rabon

Ba zan gama ba sai na juyo kanmu, mu ɗaliban wannan sashe. Da me za a koya wa ɗan Kebbe karatu ran da ya shiga aji? Yaron da bai taɓa jin Turanci ba, a haɗa masa baƙon rubutu da baƙon harshe a rana ɗaya? Littafin farko na birel ya kamata ya zama na Hausa, da kalmomin da yake ji a gida. Tsara irin wannan littafi aikin masana harshe ne, watau aikinmu.

Sa'an nan ga wayar hannu. Kusan kowace babbar waya tana da manhajar da take karanta wa makaho abin da ke kan fuskarta, amma galibi da zubin Turanci take furta Hausa, ta yi tuntuɓe a kan ɓ da ɗ da ƙ, ta rikita karin sauti har ma'ana ta ɓace. Masu gyara wannan suna bukatar muryoyi da rubutu ingantacce, mu kuwa muna da su. Abin da ya fi wannan sauƙi, kowannenmu yana iya zama ya karanta littafi ɗaya na manhajar sakandare a naɗa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta buɗe hanyar juya littafi zuwa sigar da makaho zai iya amfani da ita. Ajinmu kaɗai, in kowa ya ɗauki littafi ɗaya a hutu, an sami ɗakin karatu.

Daɗin daɗawa, mu duba bakinmu. Muna rubuta kundi a kan karin maganar makafi, muna dariyar makaho da waiwaye, muna nazarin salon waƙoƙin bara, mu karɓi digiri mu tafi. Mun ci moriyarsu. Ya kamata mu tambayi kanmu abin da muka mayar musu.

Kammalawa

A hutun da ya wuce na kai wa ɗan baffana allon birel da tsinke da na aro wurin wani abokin karatu. Na ɗora yatsansa a kan harafin farko na sunansa. Ya shafa, ya sake shafawa, ya ce, "Yaya, wannan ne abin da kuke ta zuwa makaranta dominsa?" Kafin la'asar ya riƙe haruffa goma. Ƙanensa yana gefe yana kallo, sandar tana jingine da bango.

Shi ya wuce shekarun firamare, ƙanensa ma haka. Amma a yanzu haka akwai wasu yaran a zauruka daga Sanyinna har Kuchi waɗanda lokacinsu bai wuce ba. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, da sakatarorin ilminsu, da iyayenmu sarakuna, su fara da aji ɗaya da malami ɗaya a shekarar karatu mai zuwa. Mu kuma ɗalibai mu fara da littafi ɗaya. Allah ya sa mu dace, amin.